Hannun da Aka Bar wa Ɗangana

Waɗanda suka san Ɗangana da tsufansa sun san shi ne ɗan dako a bakin ruwan Yelwa, yana ɗaukar buhun albasa daga jirgi zuwa mota, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma, yatsa uku kawai a jiki, su ma a karkace. In ka tambayi masu jirgi sai su ce maka soja ne suka yi masa haka lokacin yaƙin basasa, su ƙara da cewa ai ya yi sa'a, hagu ne. Wannan magana ta sa'a, duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci, domin Ɗangana bahago ne, kuma duk garin babu wanda ya sani sai matarsa Jummai, wadda daga bakinta na ji labarin.

A wani gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar Kwara, ta wajen Ngaski. Ubansa Tamada masassaƙin jirgi ne, mai hannu a sana'a, mai hannu a duka. Ranar da ya ga ɗansa ya kai hagu cikin akushin tuwo, bai yi wata-wata ba ya ɗaure masa hannun ta baya da igiyar taru, ya sa masa bulalar dorina har jini ya gangaro masa a ƙugu. Wata rana kuma ya kama shi yana sassaƙa da hagu, ya juya bayan gizago ya buga masa a farce, farcen ya fita. Duka ya yi aikinsa rabi da rabi. Ɗangana ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, karɓa da bayarwa da dama, har ba mai iya gane komai. Amma gwaninta ta ƙi tashi daga inda Allah ya ajiye ta. Hannunsa na dama ko kara ba ya iya tsagawa daidai, na hagu kuwa abin da ido ya gani shi yake fitarwa.

Da aka datse ruwa a Kainji, tafki ya taso ya cinye gungun da gonakin albasa da kushewar Tamada da manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su. Aka kwashe mutane zuwa gidajen siminti a tudu. Ɗangana ya duba ya ga ba gona, ba itace, ba uba, abin da ya rage masa a duniya hannu ɗaya ne. Ya ɗauki Jummai suka hau Yelwa, ya kama wani lungu a gefen tashar mota, ya kewaye da zana, ya shiga ƙera fitilar aci-balbal da mazurari daga gwangwanin madara. A bayan zanar yake aiki, in mai saye ya yi sallama sai ya ajiye almakashi ya fito ya miƙa kaya da dama. Mutane suka ce asirin sana'a yake ɓoyewa, shi kuwa ya bar su da zatonsu.

Fitila ita ce tuwo, amma ransa yana ga motoci. Ba irin motar kara da yara ke ja da zare ba. Shi in zai ƙera mota, sai ta zama motar nan sak, an dai rage mata girma ta dawo kamar bulon sabulu biyu. Ƙofa ta buɗe, sitiyari ya juya taya, fitila ta zauna inda take zama. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan madatsar ruwa suna saye su ɗora a kan kabad. Kafin ya yanka gwangwani sai ya yi ta bincike kamar mai neman aure: ya tsare direba da tambaya, ya zauna wurin makanikai, ya lallaɓa takardar jaridar da aka ƙunsa masa ƙosai in akwai hoton mota a ciki. Awo kuwa irin na ubansa yake yi. Ba ya da ma'auni, igiya ce yake zagayawa da ita ya ƙulla ƙulli, kamar yadda Tamada ke auna gindin itace, sannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa ya kara kunne ya ji kaurinsa.

Ana cikin haka yaƙi ya yi zafi, motocin soja suka fara ratsa Yelwa. A cikinsu akwai wata ƙaramar jif marar rufi da ta hana shi sukuni: safayar taya a kan bonet, shebur da diga a ɗaure a gefe, jarkoki a baya, ga wani sandan ƙarfe a tsakiya inda ake kafa bindiga. Daga nesa ya yi ta kallonta har ya ƙera irinta da gwangwani, ya haɗa samanta duka, ya shafa mata koren fenti. Sai dai in ka kifa ta, cikinta fayau yake, domin bai taɓa ganin ƙarƙashin ta gasken ba. Wani makanike ya gaya masa wai duk tayoyinta huɗu ja suke yi, shi ya sa ba ta maƙalewa a yashi. Wannan magana ita ta shiga kansa ta ƙi fita.

Lokacin kuwa ba lokacin leƙe ba ne. Jita-jita ta cika gari cewa abokan gaba za su turo mutane su fasa madatsar, ruwa ya share garuruwa. Masu kakin da ke wucewa a tsorace suke, mai bindiga kuma in ya tsorata ba kyau. A gaban idon Ɗangana suka zane wani ɗan kamasho da koboko don ya jingina da motarsu, har rigarsa ta manne da bayansa.

Jummai ta ce masa, "Malam, don Allah ka bar motar ga. Wa ka kihwa ta shi duba cikinta? Saida ta hakanan."

Ya ce, "Ni na san babu komi ciki. Ko ba wanda yad duba, ni na sani."

Ran kasuwa da hantsi jif ɗin ta tsaya a bakin tasha, wani kofur da sojansa guda suka sauka suka shiga rumfar mai tuwo. Ɗangana ya leƙo ta zana ya ga ba kowa a motar. Ya ɗauki igiyarsa, ya zagaya ta baya, ya kwanta rigingine ya zura jiki. Abin da ya gani ya mantar da shi inda yake. Ga sandunan ƙarfe biyu, ɗaya ya nufi gaba ɗaya ya nufi baya, ga sifirin, ga salansa. Ya zagaya igiya ya ƙulla, ya sake zagayawa ya ƙulla. Ya ƙwanƙwasa tankin mai, ya kara kunne.

Wata mai soyayyen kifi ta hango ƙafafu biyu da igiya tana reto a ƙarƙashin tanki. Ta ƙwala ihu, "Wayyo! Ga wani na ɗaura wa motar soja wuta!"

Ta ƙafa aka fizgo shi, bayansa ya goge tsakuwa. Kafin ya buɗe baki takalmin kofur ya same shi a haƙarƙari, na biyu a baki, haƙori ya faɗi a ƙasa. Jama'a suka rufa. Abin takaici, cikin masu dukan har da waɗanda fitilarsa ke ci a ɗakunansu, tsoro ya rufe musu ido, wani da itacen wuta, wani da dutsen awo. Sojan ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a goshi, fata ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya. Kofur ya ɗaga igiyar yana nuna ƙulle-ƙullen yana tambaya wa ya aiko shi, Ɗangana na ƙoƙarin magana jini na fita maimakon kalma.

Wani tela maƙwabcinsa ya ruga bayan zana ya ɗauko jif ɗin gwangwanin, yana cewa, "Ranka shi daɗe, maƙerin gwangwani na! Wagga ita yaka yi, wasa ta!"

Da ya sani da bai ɗauko ba. Kofur ya juya ta a hannu, ya ga shebur, ya ga jarkoki, ya ga wurin kafa bindiga, komai a mazauninsa. Fuskarsa ta canja. Ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa ta bariki, "Wannan ba wasa. Wannan ka yi ka aika ma su, su san motar mu." Ya yar da ita ya take da takalmi har ta baje. Ya ce ba zai kashe shi ba, amma hannun da ya yi wannan aiki ba zai sake yin wani ba.

Sojan ya murɗo hannun Ɗangana na dama ya shimfiɗa a kan ƙarfen gaban motar, ya danne da gwiwa. Ɗangana, duk da jinin da ke idonsa, ya ga wane hannu ne aka shimfiɗa, sai wani sanyi ya ratsa shi. A ransa ya ce alhamdu lillahi. Ya tura na hagu ƙarƙashin cikinsa ya kwanta a kai, ya runtse ido. Jummai ta iso da gudu ba mayafi, ta kutsa cikin mutane, ta ga abin da ya gani. Ta toshe bakinta da hannu biyu, tana roƙon Allah a yi a gama.

Kofur ya ɗaga bindiga ke nan sai aka ji murya, "Tsaya, ɗana! Don girman Allah tsaya!"

Malam Gidaɗo ne, dattijon dillalan albasa, mutumin da in ana rigima a kasuwa shi ake kira. Ba munafuki ba ne, kada wani ya ce haka. Mutumin kirki ne na gaske, irin wanda ke biya wa baƙo kuɗin jirgi bai san sunansa ba. Tsoho da furfura ya cire hula ya durƙusa a cikin ƙura gaban yaron da bai kai ɗansa ba.

Ya ce, "In ba makawa sai ka karya, to kak ka taɓa dama. Da shi yaka ci, da shi yaka gaisawa da mutane, da shi yaka neman abin da za shi ba iyali nai. Ka ɗauke mai dama, ka kashe shi da rai. Ga hagu nan. Na roƙe ka."

Mutanen da yanzu suka gama dukansa sai tausayi ya kama su, suka ɗauka baki ɗaya, "A bar mai dama! A ji ƙai!" Ɗangana ya ji duniya ta juya masa. In ya ce hagu ne hannun aikinsa, kofur hagu zai karya, wataƙila ma duka biyun don an yi masa wayo. In ya yi shiru, hagu ne dai. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, bari. Na yarda, a karya wanga."

Gidaɗo ya ce, "Yi shiru, ɗana, zahi na ka sa ka magana."

Jummai ta faɗi ta kama ƙafar tsohon tana girgiza kai, shi kuwa ya ɗauka godiya take yi, ya dafa kanta. Kofur ya dubi furfurar da ke durƙushe a gabansa, ya dubi jama'a, ya ce saboda baba ya yarda. Ɗangana ya ƙanƙame hagu a ƙarƙashinsa, ya yi ta shure-shure, sai da mutum uku suka taru suka zaro hannun, suna ba shi haƙuri suna cewa taimakonsa ake yi. Gidaɗo da kansa ya riƙe na daman ya rungume a ƙirjinsa don kada a same shi bisa kuskure.

Gindin bindiga ya sauka a kan yatsu, aka ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ya sake sauka a bayan hannu, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Kofur bai tsaya ba sai da hannun ya zama abin da ba a iya kallo. Suka hau motarsu suka tafi, jini na ɗiga daga ƙarfen gabanta.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, maza na danne Ɗangana yana jan abin da ya saura. Yatsu biyu suka yi baƙi suka fara wari, dole aka yanke. Da ciwon ya lafa sai ya koma bayan zana ya ɗauki almakashi da dama. Gwangwani ya zame ya yanke shi. Fitilar da ya haɗa da ƙyar ta yi ta yoyon kananzir, mai saye ya dawo da ita. Ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a gaban kofur.

Maƙwabta kuma suka fara surutu, wai an yi wa mutum alheri irin wannan bai je godiya ba. Jummai ta ce ita za ta je ta gaya wa tsohon gaskiyar abin da ya yi musu. Ɗangana ya ce in ta faɗa bai yafe ba, tsoho ya durƙusa a ƙasa saboda shi, ba zai sa masa wannan a zuciya ya tafi kabari da shi ba. Ya sa wankakkiyar riga, ya sayi goro, ya tafi.

Ya tarar da Malam Gidaɗo a zaure. Ya durƙusa ya miƙa hannu. Tsohon ya kama hannun da nasa biyu, ya juya shi, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya cika da hawayen murna.

Ya ce, "Dubi, ko ƙwarzane babu. Allah ya bar maka sana'arka, Ɗangana. In ka ƙara jin sauƙi, ka ƙera min 'yar mota guda in aje nan zaure, in riƙa nuna ma mutane."

Ɗangana ya dubi hannun da ke cikin na tsohon. Ya ce, "To, Baba."