Yadda Na Toshe Kawu

Aikina a Dutse shi ne kula da na'urorin da ke nuna wa saƙo hanya tsakanin kwamfutocin ofisoshinmu. Babban ciwon kanmu a lokacin layin da ya haɗa mu da ofishin Buji ne. Da damina iska na kaɗawa sai ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa, kuma duk motsin da ya yi sai ya sanar da sauran na'urori, su kuma su rushe lissafinsu su sake sabo. Na samo maganinsa: layin da ya cika canza magana a daina saurarensa har sai ya nutsu. Aiki ya lafa, oga ya yaba mini, kaina ya kumbura har na fara ganin da wannan dabarar zan iya gyara duniya.

A wannan daminar ake shirin nema mini aure a Jahun. Kawuna, ƙanin mahaifiyata da ya riƙe ni, shi zai jagoranci dattawa. Tsarin kuwa sananne ne: Kawu ya faɗa mini rana, ni in gaya wa yarinyar, ita ta gaya wa mahaifiyarta, sannan maganar ta isa ga maigida.

Matsalar ita ce Kawu ba ya tsayawa a kan rana. Ya ce Juma'a, ya kira ya ce an yi rasuwa, sai Lahadi. Ya sake kira ya ce Lahadi zai sa taki. Kowane canji sai na bi da shi ta wannan dogon layi, har yarinyar ta fara tambayata ko da gaske muke. Sai injiniyan da ke cikina ya motsa. Na ce a raina, ai Kawu layin Buji ne. Na daina kai maganarsa gaba, ina jira ya nutsu.

Da ya kira ya ce Laraba, na ce, “To, Kawu, Allah ya kai mu,” na ci gaba da shan shayina.

Laraba kuwa suka sauka a Jahun cikin manyan riguna, da goro da alewa. Ba shimfiɗa, ba girki. Maigidan yana gona, sai aika aka yi aka kira shi. Ya karɓi baƙi da taɓo har gwiwa, yana ta ba su haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Kawu ya kira ni da yamma. Na shirya jawabi a kan amfanin tace labari, amma bai ba ni dama ba.

“Sun ba mu,” ya ce. “Mutumin kirki ne. Ni na ce masa na manta ban aiko ba.”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Har Kawu ya rasu, surukina yana tsokanarsa da mai mantuwa, shi kuma yana dariya yana amsawa.