Man da Na Kai wa Masarar Yaya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Dutsin-Ma, ni da maƙwabcina, a cikin tsohuwar motata wadda sai an lallashe ta take tashi. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba, jama'a. Yayana ne ya kira ni daga ƙauyenmu na bayan Sabuwa, ya ce kwana huɗu ke nan injin ban ruwansa bai ga mai ba, masarar ranin da ya shuka a bakin rafi kuwa ta fara goyo. Duk wanda ya taɓa noman masara ya san a wannan gaɓar ba ta haƙuri da ƙishirwa. Damina biyu ke nan Yaya bai taka babbar gonarmu ta daji ba saboda 'yan bindiga. Wannan 'yar fadamar ita ce tuwon gidansa na bana, baki goma sha ɗaya.

A wajensu mai sai a kwalba, shi ma sai ka san wanda ya san wani. Ba a barin kowa ya bi hanyar da jarka, don gudun kada man ya ƙare a baburan mutanen daji. Dabarar da ta rage ita ce mutum ya cika tankin motarsa fam, in ya isa a zura tiyo a zuƙe, a bar masa ɗan abin da zai mai da shi gida. Abin da na fito yi ke nan.

Tun a Dutsin-Ma maƙwabcina ya ce mu cika tanki a gidan man da muka saba. Na ƙi. Wani direba ya tseguntar mini cewa akwai wurin da ya fi sauƙi a wajen Ƙanƙara, ni kuwa malamin makaranta ne, albashina ba ya ganin ashirin ga wata. Na sa ɗan abin da zai kai mu, muka kama hanya. Duk inda na hango gangara sai in kashe mota ta yi ta gangarawa da kanta. Maƙwabcina ya ce rabonsa da hawa motar da ke tafiya shiru haka tun amalanken kakansa.

Hanyar dai ba ta canza ba, rami na bin rami. Abin da ya canza shi ne gefenta. Ƙauyukan da na sani da masu tallar nono da gyaɗa yanzu wasu ba ko kaza, rumbuna sun rufta, ciyawa ta bushe a kan katanga. Babura ma sun ragu. Wanda ka gani ɗauke yake da mutum huɗu da buhu, don babu mai ƙona mai a kan fasinja ɗaya.

Mun shiga Ƙanƙara da hantsi, ranar kasuwa. Shekaranjiya aka yi ruwan fari a garin, ƙasa na ta ƙamshi, ga zafin bazara mai danshi da ke sa riga ta manne a baya. Muka zauna a rumfar wata Hajiya mai waina. Wainar ta yi daɗi, sai dai ta ƙanƙance, loma ɗaya ta wuce. Direbobin da ke karyawa a wurin ba su da hira sai ta mai. Wannan ya ce man bazara ba ya zama a tanki, zafi ke shanye shi kafin injin ya sha. Wancan ya ce ba zafi ba ne, man ne ba iri ɗaya ba, na wannan watan daban, na watan jiya daban, wani fari tas, wani kamar ruwan shayi. Wani dattijo daga Ketare ya ce shi ya jingine babur ɗinsa ya koma keke, gwiwarsa dai ba a yi mata gauraye. Aka yi dariya, amma irin dariyar da ba ta wuce maƙogwaro.

Gidan man da aka kwatanta mini yana can bayan gari, famfo ɗaya, ba layi. Da ma rashin layin ya isa ya sa ni tunani. Amma ni gwani ne, ko in ce haka nake ɗaukar kaina. Shekara ashirin ina da gwajina: in ɗiga mai a tafin hannu in hura. In ya tashi nan take, ya bar sanyi da ɗan fari-fari a fata, to mai ne na gaske. In ya tsaya yana maiƙo, an zuba masa kananzir. Na ɗiga, na hura, ya ɓace kafin in rufe baki, hannuna ya yi sanyi ƙarara. Na dubi maƙwabcina na ce, ka ga mai! Aka cika tanki har wuya. Abin da na rage bai fi kuɗin kwano biyu na masara ba, amma ranar ji nake kamar na ci kasuwa.

Daga Ƙanƙara zuwa Sheme kowa gudu yake, rami ko ba rami, ba mai tsayawa ko fitsari. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirga su. A kowanne sai a buɗe but, a ɗaga tabarma, a shinshina. Ba su sami jarka ba, suka ce mu sauka lafiya. Mun ratsa ƙasar Faskari muna kallon gonaki faɗi-faɗi da ba a yi musu sharar bana ba, ga damina a bakin ƙofa. A Mairuwa muka yi azahar, muka sayi rake da dafaffen rogo. Mai rogon ya tambayi inda muka nufa, da na ce bayan Sabuwa sai ya dubi rana, ya ce mu daina zama.

Motar ta ɗan yi tari sau biyu bayan Dandume. Na ce turɓaya ce.

La'asar sakaliya muka isa. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta sa albarka. Na ce a kawo tiyo mu wuce fadama yanzu-yanzu. Ya girgiza kai, ya ce bayan la'asar ko akuya ba a bari ta nufi bakin rafi, sai dai gobe. Haka motar ta kwana a ƙofar gida da mai a cikinta, mu kuma muka ci tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta ga nama ba.

Gari na wayewa Yaya ya zura tiyo har ya taɓo gindin tanki, ya zuƙa, ya tofar, mai ya biyo. Aka cika jarka biyu. Muka ɗunguma zuwa fadama tare da maƙwabtansa uku, don da injin nasa suke ban ruwa su ma. Masarar ta kai kafaɗata, ganyen duk ya nannaɗe, amma da ranta. Injin ya yi gardama kafin ya tashi, aka yi ta jan igiya, can sai ya kama. Wallahi ban san ranar da zan manta ƙarar ruwan nan yana shiga kunya ta farko ba. Ƙasa na sha tana ƙara. Yaya ya tattare wando yana buɗe hanya da fartanya, yana dariya kamar yaro.

Ba a yi awa ɗaya ba injin ya canza murya. Ya yi ta ɓarin wuta, ya tashi, ya faɗi, ya tashi. Jikinsa ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Yaya ya ce a bar shi, kwana biyar bai yi aiki ba, zai warware, ga ruwa bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba. Sai muka ji ƙarar ƙarfe, ƙwas, ya tsaya. Aka ja igiya, ko motsi.

Muka sa shi a but muka nufi Sabuwa wurin wani bakanike, dattijo mai furfura da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya. Ya kwance shi, ya shinshina, ya tambayi inda aka sami man.

"Ƙanena ne ya kawo shi tun daga Ƙanƙara," in ji Yaya. "Malamin makaranta ne. Mai ne mai kyau, shi da kanshi ya gwada."

Da bakaniken ya ji yadda aka zuƙo shi daga tankin mota, sai ya buɗe tankin injin. Ya tsiyayi man a farar kwalba ya ajiye a kan benci, ya ci gaba da aikinsa. Kafin ya gama wanke hannu man ya rabu biyu a gabanmu: ɗan siririn mai a sama, ƙasa kuwa wani abu hazo-hazo kamar ruwan wankin shinkafa. Ya ce irin man da ake haɗawa da etanol ne, ɗan'uwan sifirit ɗin da ake goge wurin allura da shi. In kaɗan ne mota na sha lafiya. Amma wannan an cika masa hannu, kuma shi abin yana jan ruwa. In ruwan sama ya sami hanyar shiga rijiyar gidan mai, ko danshi ya yi yawa, sai su haɗu. Muddin mota na tafiya suna gauraye. In ta kwana a tsaye sai su kwanta a gindi, mai ya hau sama.

"Tiyon naku kuwa gindi ya sauka," ya ce. "Abin da injin nan ya sha ke nan, ga shi da ma ya tsufa. Fistin ya ƙone."

Na ce, amma Baba, na ɗiga a hannu ya tashi nan take, har da sanyi. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ai sifirit ya fi fetur saurin tashi. Gwajin naka na zamanin kananzir ne."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Maƙwabcina, wanda tun jiya bakinsa bai huta da tsokana ba, ya juya yana kallon titi. Yaya ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta a rana, ya daɗe yana kallo, ya ajiye ta a hankali. Abin da kawai ya tambaya shi ne kwana nawa gyaran zai ɗauka. Aka ce babu irin fistin ɗin a garin, sai Funtuwa, in an dace. Injin aro kuwa babu, duk wanda ke da shi yana kan tasa gonar.

Na ce zan bi ta Funtuwa in nema. Da za mu rabu Yaya ya leƙo ta taga, ya ce, "Abin da ya rage zai kai ku kuwa? Kada ku tsaya a hanya, ku tahi tun da rana." Sannan ya yi mini godiyar wahalar da na sha. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A Funtuwa na zagaye shagunan kayan inji har ƙafata ta kumbura. Kowa ya duba sai ya ce tsohon yayi ne, sai an aiko daga Kano. Na ba da saƙo, muka kwana a gidan wani ɗan'uwan maƙwabcina, da safe muka kamo hanyar gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne motar. Tun daga Sabuwa har ƙofar gidana ko tari ɗaya ba ta yi ba. Dattin duka na juye wa Yaya, mai kyan ya dawo da ni.

Mun iso Dutsin-Ma da azahar, iyali na ta sannu da zuwa, ni kuwa ko abinci na kasa ci. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Man yanzu ba a saninsa da tafin hannu, a zuba a kwalba a ba shi lokaci. Gidan man da ba layi a ranar kasuwa, a tambayi dalili. Kuma tsadar nan ba aljihu kaɗai take ci ba, har hankali take ci, don da idona biyu na bar wurin da na sani na tafi neman rarar kwano biyu.

Fistin ya iso a kwana na biyar, na ba direban Sabuwa ya kai. Da yamma Yaya ya kira. Ya ce saƙo ya iso, Allah ya saka, za a ɗaura a ajiye saboda baɗi. Masarar kuwa tun shekaranjiya suka fara yanka ta suna zuba wa shanu, kunyoyin farko da suka sami ruwa ne kaɗai aka bari. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce, "In za ka sake zowa, ka taho hakanan, ba sai da mai ba. Shekara ukku ba mu gan ka ba sai da injin ya tsaya."