Bututun Mai Masauki a Mamobi

Mun tashi da asuba daga Legas, ni da abokin aikina, a wata doguwar mota mai na'urar sanyi wadda sanyinta ya ƙare tun kafin mu kai Seme. Iyaka uku muka tsallaka kafin Ghana, kuma a kowacce sai an sauke mu an kalli fuskokinmu kamar za a saya. Hanyar bakin teku ta Togo ce ta biya ni wahalata: ga bishiyoyin kwakwa, ga masunta suna jan taru. A Aflao, bakin iyakar Ghana, na canza nairata zuwa sidi, kuɗin ƙasar. Na miƙa dami, aka dawo mini da abin da ko aljihu bai ji shigarsa ba.

Bari in faɗa muku abin da ya kai mu. Sana'armu zana hanyoyin ruwa da lantarki. Kowane gida ko tanki ko rijiya mukan mai da shi ɗigo, kowane bututu kuma layi. Sai mu sa kwamfuta ta riƙa cire ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, har mu gano wanda in ya fita kowa zai shiga uku. Wata unguwarzoma ce mai ƙaramin gidan haihuwa a Mamobi, wata unguwa a babban birnin Ghana, ta sa ƙungiyar matan unguwarsu ta kira mu. Damuwarta ita ce tana da hanyar samun ruwa har uku: famfon gidanta, tankin masallaci, da na wani maƙwabci mai sayarwa. Amma ran da ruwa zai ɗauke, sai duka ukun su bushe tare. An taɓa yin haka tana da mace a kan gwiwa, kuma ta ce ba ta son ta sake ganin ranar.

Daga Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da Mamobi, muka shiga tiroturo, motar hayarsu ke nan, kwandasta yana kiran sunayen unguwanni da sauri kamar ana korarsa. Na sha zuwa garuruwa, amma ban ga inda ake raba wuri da adalci irin Zango ba, wato unguwannin baƙi irin Mamobi. Lungun da mutum biyu ba za su jera ba, a cikinsa akwai tela, da mai gyaran waya, da mai suyar ƙosai, kuma ba wanda ya taka wani. A gida ɗaya za ka ji Hausa da Tuwi da Zabarmanci. Abincin safe kuwa, wake da shinkafarsu da suke kira wace, da gari da taliya da baƙin yajin nan shito, ya sa abokin aikina ya manta yana da gyambon ciki.

Washegari muka fara bin gidaje, matan ƙungiyar suna yi mana jagora. Tambaya ɗaya muke yi: daga ina bututunku ya fito? Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. A ko'ina mutum daga gidan da ya fi kusa yake jan ruwa, don bututu tsada gare shi. A nan kuwa sai ka ga bututu ya tsallake gida huɗu, ya bi bayan bango, ya haye kwata, ya je can wani gida. Da na tambayi wani dattijo dalili, sai ya dube ni da mamaki.

“'Yata, can ne masaukina,” in ji shi. “Can na sauka da na zo daga Dosso. Yaya zan sha ruwan wani, mai gidana yana da ruwa?”

Ashe al'adar Zango ce ta shimfiɗa bututun. Baƙo in ya zo, gidan mai masauki yake sauka, ya ci ya sha har ya tsaya da ƙafarsa. Ran da ya sami nasa ɗakin, daga gidan da ya sauka zai ja ruwa, shi ma wanda ya sauka a wurinsa daga baya ya ja daga gare shi. Kowa sunan mai gidansa kawai ya sani. Ba wanda ya taɓa bin layin har ƙarshe.

Da muka zuba komai a kwamfuta, zanen ya fito kamar bishiya. Famfon unguwarzoma, da tankin masallaci, da na mai sayarwa, kowanne ya bi tasa hanyar, amma duk sun koma gida ɗaya: wani tsohon gida mai babbar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin tsakar gida, na wani mai masauki da ya daɗe da rasuwa. In injin gidan ya tsaya, an gama. Da na nuna wa unguwarzomar, sai ta zauna a kan benci. Ta ce 'yar mamacin, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta riga ta kira magina. Za ta rushe gidan ta yi bene, kuma ma'ajiyar ce za a fara cikewa da ƙasa.

Hajiyar ta karɓe mu da fara'a da kofin burkina mai sanyi, furarsu ta gero da nono, amma zanenmu bai burge ta ba, kuma ban ga laifinta ba.

“Ni gida biyar na sani suna shan ruwanmu,” ta ce, “na faɗa musu tun tuni. Wannan zare-zare naku, ni ban gane shi ba.”

Sai na roƙe ta abu ɗaya: ta bari mu rufe bawul ɗin gidan, wato makullin ruwan, daga hantsi zuwa azahar, bayan unguwarzoma ta cika robobinta. Ta yarda. Muka zauna a ƙofar gida muna jira. Masu gida biyar ɗin nan ne suka fara zuwa. A bayansu sai ga waɗanda suka sauka a gidajensu, sun bi masu gidansu su ji ba'asi, a bayan waɗannan kuma ga wasu. Ladan ya zo da buta a hannu. Mai wacen da ta ciyar da mu ta zo tana faɗa da yare uku. Kafin azahar lungun ya cika, kowa yana nuna na gabansa yana cewa ai daga wurinsa nake sha. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu, yawancinsu ba ta taɓa sanin suna da alaƙa da gidan ba. Na ga ta goge ido da gefen mayafi.

“Duk wannan baƙin babana ne?” ta tambaya a hankali.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake jinjina wa mutanen nan. Ba a yi dogon taro ba. Hajiya ta ɗage aikin magina. Mu kuma muka koma kan zanen muka nemo inda layi ɗaya zai mai da bishiyar ta zama zobe: tsakanin tankin masallaci da rijiyar burtsatsen wata makarantar Islamiyya da ke hayin kwata, wadda ba ta haɗe da kowa. Ta haka ruwan rijiyar zai bi tsoffin bututun ya kai kowane gida. Masu gyaran famfo na unguwar suka yi aikin, mata suka dafa musu abinci. Ranar da za mu taho aka sake rufe bawul ɗin Hajiya. Ina tsaye a gidan haihuwa unguwarzoma ta murɗa famfo. Ya yi tari, ya yi shiru, sannan ruwa ya zubo. Ta daɗe da hannunta a ƙarƙashinsa.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, na iso Kano da kumburarrun ƙafafu da kwalbar shito. Na daɗe ina wannan aiki, kullum in na gano ɗigon da kowa ya rataya a kansa, sakaci nake gani ko rowar kuɗin aiki. A Mamobi na koyi cewa wani lokaci wurin da ya fi rauni shi ne inda aka fi yin alheri, kuma gyaransa shi ne a samo masa mai taya shi ɗauka.

Bayan na huta unguwarzomar ta kira ni. An rushe gidan, an cike ma'ajiyar, kuma a ranar ta karɓi haihuwa ta wanke jaririya da ruwan famfo. Ta ce Hajiya ta sa magina sun yanko mata guntun tsohon bututun babanta, duk tsatsa, ta kai shi shagonta ta ajiye a saman atamfofi.