Zalihatu da Ɗakin Marigayi Rabo

Duk mai sammakon zuwa kasuwar Dogon Dutsi ya san ƙarar moton Zalihatu Abdulmajid. Jaka a baya, hijabi a naɗe kada ya shiga taya, tana bin biro-biro, wato ofisoshi, tana duba kwamfutoci kamar mai zagayen marasa lafiya. Yau Ɗan Kassari, gobe Tibiri. Rairayin hanyar Sukukutane ya sha kayar da ita, kuma in ta tashi jakar take fara dubawa kafin gwiwarta. Ƙarshen watan nan za ta aje aikin, idanu sun gaji. To wallahi ba za ta tafi shiru ba, sai mun faɗa!

Ku tambayi Luƙman mai gadi, shi ya fi kowa sanin ko wace ce ita.

A gidan da yake gadi, ƙungiyar manoma da wani ƙaramin radiyo da kantin magani sun haɗa hannu sun sayi babbar na'ura guda, wadda ake kira serbar. Zalihatu ta kasa cikinta ɗaki-ɗaki, kowa da nasa, kowane ɗaki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, da rabonsa na memuwar, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urar. Luƙman ke riƙe da makullin wurin da aka aje ta, shi ke hure mata ƙura duk Jumma'a.

Ana gab da damina, ɗakin manoma ya fara nauyi. Shugabansu, Alhaji Ado, ya sa a duba ko akwai rarar memuwar da za a ƙara musu. Babu ko ɗigo. Aka haɗa rabon ɗakunan uku da ke aiki, sai ga giga goma sha shida sun yi ɓatan dabo. Nan take idanu suka koma kan mai makulli. Wani ma ya tuna cewa ƙanen Luƙman na sayar da kayan waya a kasuwa. Alhaji ya karɓe makullin, ya ce daga nan sai jandarma.

Zalihatu ta iso da azahar, ko ruwa ba ta sha ba. Ta tarar da Luƙman zaune a rana, dattijo da furfura, ya kasa ɗaga kai. Abin ya sosa mata rai ƙwarai.

"Baba Luƙman, tashi ka koma inuwa," ta ce. "Ranka ya daɗe Alhaji, a ba ni lokaci kaɗan kafin a kira kowa."

Ta kwance murfin na'urar a gaban kowa, ta nuna musu sandunan memuwar, kowace na raminta. Alhaji ya ce ai ana iya musanya su da jabu. Ba ta yi musu ba. Ta zauna ta shiga babban ɗakin da ke iko da sauran, ta ce wa na'urar ta kawo duk ɗakunanta, na farke da na barci. Sai ta buga cinya.

"Kai! Ga shi nan! Ɗakin Malam Rabo wa ya taɓa shi?"

Malam Rabo tsohon mai shirin noma ne a radiyon, ya rasu bara Zalihatu na can Tibiri. Tun farko ta yanka masa ɗaki na huɗu don tara shirye-shiryensa. Nusaiba, sakatariyar radiyon, ta matso a sanyaye.

"Ni ce, Yaya. Ranar da anka rufe shi, munka kulle bironai, sai na kashe wannan ma. Kayan mamaci ne, ba a taɓawa sai iyalinai sun zo."

"Kin kashe, amma ba ki kwance ba," in ji Zalihatu tana dariya har da tafi. "Ɗaki ko yana barci, rabonsa na hannunsa sai an sake shi. Ba wanda ya ɗauki komi, jama'a! Memuwar tana wurin Malam Rabo!"

Alhaji Ado ya cire hula ya share zufa, amma ya ƙi a kwance. Tsoronsa kada muryar marigayin ta goge. Zalihatu ta ce masa memuwar tabarmar aiki ce, shirye-shiryen kuwa suna rumbu, naɗe tabarma ba ya taɓa hatsi. Duk da haka ba ta yi gaban kanta ba, sai da aka ɗauko Hajiya Sa'adatu, matar marigayin, a kan moto. Ta tada ɗakin a gabanta, ta kunna shiri guda. Muryar Rabo ta cika wurin, yana ta faɗa da masu shuka gero tun ƙasa ba ta jiƙu ba. Hajiya ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta ce, "Ɗiyata, ba manoma abinsu. Da yana nan da shi za ya fara cewa a ba su."

Zalihatu ta kwafe mata shirye-shiryen, ta kwance ɗakin, ta ƙara wa manoma rabo. Alhaji ya taka har inuwar da Luƙman yake, ya durƙusa, ya miƙa masa makullin da hannu biyu.

Ke ce, Zalihatu, mai gyara ba da hayaniya ba. Ke ce kika duba na'ura kika kuma duba mutumin da ke zaune a rana. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya hutar da idanunki. Ku kuma matasa masu taɓa waɗannan na'urori, in abu ya ɓace ku leƙa kowane ɗaki kafin ku nuna wa mutum yatsa.

Jumma'ar da ta wuce na bi ta gidan. Luƙman na tsugune gaban serbar yana hura ƙura, makullin na lilo a wuyansa. Ya ce in gaya miki ya samu jika mace, kuma kin san sunan da ya raɗa mata.