Shafin Ƙarshe a Tudun Wada

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwata, za mu Zariya duba Gwaggo, yayar mahaifinmu. A jakata akwai sababbin littattafai huɗu da na zaɓo mata. Ita ta koya mana karatun labari muna yara, kuma dokarta ɗaya ce: duk wadda ta leƙa shafin ƙarshe kafin ta kai can, sai ta sha ranƙwashi.

Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. Haka aka cusa mu a baya tare da wani bawan Allah mai ƙullin albasa a cinya. Titin ya yi kyau, sai dai direbanmu ya ɗauka kyan titi izinin kashe mutane ne. A Kwanar Ɗangora muka sayi dafaffen ƙwai, na fasa nawa na tarar ya kwana biyu a duniya. Daga Kwangila muka hau keke zuwa Tudun Wada, mai keken yana ta mitar tsadar mai kamar mu muka ƙara.

Tun a mota nake tsara yadda zan miƙa mata su. Na soyayyar, wata nas ce da direban tirela, ba masu kuɗin nan na mafarki ba. Na binciken kisan kai, gawar dillalin hatsi aka tsinta a rumbunsa. Akwai na wata yarinya da ta gaji rijiyar aljanu, sai na tarihi a kan fataken goro. Na san wannan za ta fara ɗauka.

Ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Mun same ta zaune a tsakar gida, ta juyo da fuska inda muryarmu take, ba inda muke ba. Ciwon suga ya cinye idon tun bara, amma kullum muka kira ɗanta sai ya ce da sauƙi. Na leƙa ɗakinta, babu akwatin littattafan da ta tara tun tana koyarwa a firamare. Wai kyankyasai yake tarawa, an kwashe an ba mai ƙosai ta bakin layi. Raina ya ɓaci, ko tuwon da aka kawo mana ban taɓa ba.

Ta shafa bangon littattafan, ta sansana takardar, ta ce in karanta mata na fataken. Nan na ga Gwaggona ta da. Tana gyara min furuci, tana yi wa madugun labarin faɗa don ya ratsa kogi da damina. Jikokinta suna gefe kowa ya duƙa a kan waya. Na roƙi a samu wanda zai ci gaba da karanta mata bayan na tafi. Babbar cikinsu, wadda take jami'a, ta ce, "Anti, ni Hausa wahalar karantawa take min." A Zariya fa, garin ilimi!

Ranar komawa ko rabin littafin ba mu kai ba. Ina ɗaukar jaka Gwaggo ta riƙo hannuna.

"Buɗe min shafin ƙarshe."

"Gwaggo, dokarki fa?"

"Dokar mai ido ce, 'yar nan. In kin tafi wa zai kai ni can? Faɗa min ko madugun ya koma gida."

Na buɗe na karanta mata. Da na gama ta ce a sa mata duka huɗun ƙarƙashin filo, ko ƙamshin takardar ya ishe ta.

Da la'asar muka shigo Kano. Tafiyar nan ta koya min cewa "da sauƙi" a waya ba zumunci ba ne, kuma tsohuwa ba tsaraba take jira ba, mai zama kusa da ita take jira. Na sha ranƙwashin Gwaggo ba adadi ina yarinya, amma wanda ta fasa yi min ranar nan shi ya fi min zafi.