Dodon da Na Nuna wa Baba a Cikin Furen Kabewa

Akwai wata damina da ba zan taɓa mantawa da ita ba, domin a cikinta na kusa raba mahaifina da irin kabewar da ya gada daga uwarsa. Da hoto guda ɗaya da surutun bakina na yi wannan aika-aika.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban yi aure ba, ina gidanmu a Mando. Wata ƙawata ta nuna mini wani ɗan gilashi da ake maƙalawa a idon waya, in ka haska tururuwa sai ka gan ta kamar akuya. Ban zauna ba sai da na shiga Babbar Kasuwa na nemo irinsa. Daga nan kullum da sassafe ina bayan gida a durƙushe kan buhu, ina bin fara da zanzaro da malam-buɗe-littafi. Aikin yana da ƙa'idarsa. Sai da sanyin safiya, lokacin da raɓa ta yi wa ƙwari nauyi ba sa saurin tashi. Sai ka matsa har tsakaninka da ƙwaron bai fi faɗin yatsa biyu ba, ka kafe gwiwar hannu, ka riƙe numfashi, sannan ka danna. A cikin hotuna ashirin da ƙyar a samu ɗaya mai kyau, amma wannan ɗayan kan sa in wuni ina fara'a.

Shi Baba ba manomi ba ne. Yadi ya sayar duk rayuwarsa, sai da ƙafa ta matsa masa ya dawo gida. Kakarmu ce ke shuka kabewa a jikin katanga, wata doguwa mai ja a ciki, da irin da ta taho da shi daga ƙauyensu tun tana amarya. Da ta rasu Baba ya ci gaba da shukawa, shekarar farko kuwa ta yi ba tare da ya ko leƙa ta ba. A shekara ta biyu ɓeraye suka samu ƙullin irin, suka bar masa ƙwaya biyar. Ya shuka su duka, uku suka fito. Ke nan in waɗannan ukun ba su yi 'ya'ya ba, irin Kaka ya ƙare a duniya.

Shi ya sa a wannan shekarar ya ɗauki kujera ya tare a gindinsu. Ya ga fure na buɗewa da safe, ya yanƙwane kafin azahar, kashegari ya faɗi ƙasa, babu ko ɗa ɗaya. Hankalinsa ya tashi. Kullum yana cewa lallai wani abu ke cin furen nan.

Wata safiya na leƙa cikin wani fure na tarar da ƙudan zuma ya nutsa kai ciki. Na dace da hoto irin wanda ban taɓa samu ba: fuskarsa ta cika wayar, idanu ƙwala-ƙwala, gashi buzu-buzu, baki kamar almakashi, duk kansa ya yi butu-butu da wani gari mai ruwan ɗorawa. Babu fiffike a hoton, babu ciki, babu abin da zai nuna zuma ce. Na ruga da murna na miƙa wa Baba, na ce, "Baba, ga ɓarawon furenka na kamo maka."

Sunan Kaka gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwata, wannan a cikin kabewata yake?"

Na ce, "Yanzun nan ma na baro shi yana kalaci."

Ya ce, "Subhanallahi." Ni kuwa na ɗauka yabon gwanintata yake yi. Wasa nake, kuma na san zuma ce, amma ban faɗa ba, don na fi son ya yi mamaki. Da azahar na kama hanyar Zariya bikin 'yar gwaggona, na yi kwana takwas.

Safiyar da na koma bayan gida bayan na dawo, shirun ne ya fara ba ni tsoro. Da can tun daga ƙofa kake jin gunjin zuma. Ranar babu, sai warin magani. Na duba ƙasa na ga gawarwakinsu birjik a ƙarƙashin ganye. Ashe Baba ya aro famfon feshi wurin maƙwabci, ya sayo maganin ƙwari, kullum da safe in fure ya buɗe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fesawa har ciki. Ƙananan 'ya'yan da suka fara fitowa kamar ƙwan zabo duk sun yi rawaya suna zubewa. Garin neman ƙiba ya samo rama. Ya ce mini, "Na kashe su, amma abin sai gaba yake yi." Kunya da tsoro suka rufe ni.

Akwai wani dattijo mai lambu daga Rigachikun da ke kawo wa mutanen unguwa taki a kan babur. Allah ya kawo shi ranar. Baba ya kai masa kuka, ya ce in nuna masa dodon. Dattijon ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce, "'Yata, girmansa kamar me?"

Na nuna masa kan ɗan yatsana, murya can ƙasa na ce, "Ƙudan zuma ne."

Ya tafa hannu. "Haba Alhaji! Ai 'yan kai amarya ka kashe. Kabewa fure biyu gare ta. Wanda kake gani yana faɗuwa namiji ne, dama ba ya haihuwa, shi ke fara fitowa. Macen ga ta nan, mai ɗan ƙululu a gindi. Garin nan da ke jikin zuma shi take kwasowa daga namiji ta kai wa mace. In ba a kai ba, ɗan ya lalace."

Baba ya juyo ya dube ni. "Kin san zuma ce?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya juya ga dattijon ya ce, "To yanzu ina mafita?"

Dattijon ya ce tunda an kori masu aikin, sai mu yi da hannu, kuma mu yi sauri don ruwa ya kusa ɗaukewa. Ya tsinki fure namiji, ya yage ganyensa ya bar tsinken tsakiya, ya nuna mana yadda za a goga shi a hankali a cikin macen. Ya ce kafin rana ta yi zafi, don fure yini guda gare shi.

Haka muka yi mako biyu. Da an idar da sallar asuba gari ya yi haske sai mu fita. Baba ba ya iya durƙuso, shi ke tsinko mazan, ni ke gogawa. Nan ɗan gilashina ya yi rana, domin da shi nake leƙawa in ga ko garin ya kama, in nuna masa. Kwana uku na farko ba ya ce mini komai sai "ga wani can". A rana ta huɗu ya ce, "Wai ni da na aurar da 'ya'ya uku, yau na koma waliyyin kabewa." Na yi dariya har da hawaye, don na san ya huce.

Fure tara muka yi wa. Biyu suka kama, ɗaya ta ruɓe da ruwan ƙarshen damina, ɗaya ta tsaya. Baba ya ɗora ta kan bulo don kada ta taɓa ƙasa, har ta nuna. Ranar da aka fasa ta shi da kansa ya wanke irin, ya shanya, ya raba uku. Ya ba ni kashi ɗaya ya ce, "Riƙe. Ke kika san wahalarsa."

Har yau ina ɗaukar hoton ƙwari, amma na sauya hali. Biyu nake ɗauka, na nesa da na kusa, kuma na nesan nake fara nunawa. Wannan damina ta koya mini cewa mutumin da ke cikin damuwa mai laifi yake nema, duk wanda ka nuna masa shi zai kama. In za ka girmama masa abu a ido, to haƙƙi ne a kanka ka gaya masa ainihin girmansa da aikin da yake yi.