Shekarar da Muka Yi wa Waken Inna Wanka

Innata ba ta da shanu, ba ta da zinariya, amma duk ƙauyenmu, can gefen Ɗan Kassari, an san ta da wake. Wani fari ne mai jan hanci da ta gada wurin tata uwar. Yana nuna da wuri, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi bai kai ba, ga harawa mai yawa don awaki. Tun ina yarinya, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, mata ke yin sallama a gidanmu da 'yan ƙorensu. Inna ta ɗibar wa kowace, ba saye ba sayarwa, in kaka ta yi a maido abin da ya sawwaƙa. Ba ta cika magana ba, amma a wannan lokaci har bayan danga ana jin muryarta tana tsokanar mutane.

Sai ciwo ya shiga. Da marka ta zauna, ganye ya fara tabo kamar an ɗiga masa mai, tabon ya koma ƙasa-ƙasa da rawaya a gefe, ganyen ya bushe ya zube. Gamanar Inna, wato 'yar gonarta ta kanta, ta ƙone, haka ma ta duk wadda ta karɓi iri a hannunta. Wasu suka ce doguwa ce ta ratsa. Ƙanena mai zuwa karatu gari ya ce babu wata doguwa, amma shi ma bai san mene ne ba. Mata dai ba su tsaya gardama ba, suka koma sayen iri a kasuwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, babu wadda ta yi sallama. Na je gaishe da Inna na tarar ta jera gorunan iri a inuwa, tana share tsakar gidan da ta riga ta share.

"Bana in ya sake ƙonewa, dahwa shi za ni yi in ci, kowa shi huta," in ji ta.

Ni a Dogon Dutsi nake ɗinki. A gidan da nake haya akwai wata ma'aikaciyar gona, Bazabarma, muna ce mata Madam. Ranar da ta zo gwajin riga na sauke mata takaicina duka, don ni bakina ba ya riƙe abu. Ta tambaye ni kamannin tabon, na faɗa. Ta ce wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, kuma a jikin irin suke kwana daga shekara zuwa shekara. Ashe matan nan da suka guji irinta suna da gaskiya. Sannan ta ce ana iya rage su sosai in aka tsoma irin a ruwan zafi kafin shuka.

Na miƙe tsaye da allura a baki. Na sa ta maimaita.

Ta ɗauko mini wani siririn ma'aunin zafi na gilashi, ta ɗaura zare daidai inda jan layin zai tsaya, wajen digiri hamsin. In ya wuce an kashe iri, in bai kai ba wahalar banza. Ta ce ko an yi daidai wasu za su mutu, don wake ba ya son wasa da ruwa. A tsince masu tabo tukuna, a shuka inda ba a yi wake bara ba, kuma kada a shiga gona ganye na jiƙe. Ban ma gama ɗinkin rigarta ba na fara haɗa jaka.

Na naɗe ma'aunin nan cikin zane, na rungume shi a motar kasuwa. Wani mai akuya ya matse ni, na yi masa tas, har direba ya juyo yana ba ni haƙuri. Duk hanya murmushi nake yi ni kaɗai, ina ganin gonar Inna kore shar tun kafin in isa.

Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta dubi ƙanena.

"Ka ji ɗiyar birni. Irin da yash shiga tukunya, abinci na. Mi kinka ɗauke ni?"

"Inna, ba dahwa shi za mu yi ba, wanka na."

"Wanka! Wake na jego?"

Ƙanena ya kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, na ce ai ita ma tukunyar ta yi masa alkawari, ta bari ya fara shiga tawa. Sai ta miƙo mini wake cikin tafi ɗaya, ba ƙari.

Na hura gawayi, na ɗora tukunya. Jan layin ya hau ya wuce zaren, na zuba ruwan sanyi, ya faɗo, na ƙara wuta. Na yi zufa kafin in gane hannunsa. Na ƙulle waken a tsumma mai tsabta, na tsoma iya lokacin da Madam ta ce, ina duba agogon wayar salula, na tsamo na sa a ruwan sanyi. Fatarsa ta yamutse. Na shimfiɗa shi cikin jiƙaƙƙen buhu a gindin randa, ina leƙawa har Inna ta ce in ƙyale bayin Allah su yi barci.

Ran da na ɗaga buhun na ga fararen tsiro sun ɓullo, guɗa na yi, irin ta biki, har kaji suka watse. Ba duka suka fito ba, amma mafi yawa sun fito. Na ɗauki buhun da gudu na kai mata bakin murhu. Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya a hankali.

"Ɗauko gorunan," ta ce.

Muka zauna tsintar iri, duk mai tabo ko motsattse a ware. Da aka zo wanka kuwa, Inna ta ƙwace ma'aunin daga hannuna. Matar da ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta ƙura wa zaren nan ido tana ba da oda: "Janye wuta! Ƙara ruwa! Ke, so kike ki kashe mini shi?" Muka shanya a inuwa ya bushe ƙayau. Ƙanena ya ba ta gefen gonarsa inda hatsi kaɗai aka yi bara, ruwa na sauka ta shuka.

Daga nan salula ba ta huta ba. Kullum sai na kira ƙanena. Ya tsiro? Ya yi yaɗo? Ya ce Inna ta zama jandarma, duk safiya tana bakin gona tana korar masu yanke hanya cikin raɓa. Da marka ta zauna na kasa haƙuri, na rufe shago na tafi. Daga nesa na hango shi, ya rufe ƙasa, fure ko'ina. Na sauka daga kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba. 'Yan gindi kaɗan ne suka yi tabo a gefe, ta tuge su ta binne. Na tsaya ina ta dariya da hawaye, ita kuwa tana cewa in rage murya kada baki ya kama shi.

Kaka ta yi kyau, mata sun gani, sun yi barka, amma babu wadda ta ce komai game da iri. Wannan ya ci mini rai ƙwarai.

Da bazara ta sake zagayowa na dawo da ma'aunin don wankan bana. Muna cikin hura wuta da hantsi sai muka ji sallama. Maƙwabciyarmu ce, wadda ta fara cewa irin gidanmu ƙuna gare shi. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi zafi, ta tambayi awaki. Sannan ta zaro ɗan ƙoƙo daga cikin mayafi ta ajiye a ƙasa.

"Yaya, in da sauran wankakken nan, a taimaka mini."

Na buɗe baki, don akwai maganganun da na daɗe ina tanada mata. Inna ta harare ni. Ta tashi ta shige ɗaki. Muka jira, ba ta fito ba. Matar ta fara gyara mayafi kamar mai shirin tashi, na bi Inna ciki in ga lafiya.

Na same ta tsaye gaban akwati, ta ciro ɗankwalinta na sallah tana ƙoƙarin ɗaurawa, ya ƙi ɗauruwa. Fuskarta sharkaf da hawaye.

"Koma ki riƙe ta da hira," ta ce da ni a hankali. "Kak ki bari ta tahi."